A Yankari Biri Ne Ɗan Gari, Mu Ne Baƙi

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, game da shirin kai ɗaliban Islamiyyarmu ziyara gandun dajin Yankari)

Kwamitin ilmi ne ya ɗora mini in yi bayani a kan tafiyar da mu ke shirin yi da yara zuwa Yankari. Tun da aka fara maganar, wasu iyaye su ke ta tambaya, wai me ya yi zafi har za a kwashi yara a kai su ƙasar Bauchi kallon biri, alhali kuwa ga gidan zu a cikin gari? Tambaya ce ta mai hankali, kuma da ita zan fara.

Jama'a, yaron da aka haifa a Hausari ko Gwange a wuri biyu ya san biri. Ko dai ya gan shi a hannun masu wasa da shi a bakin kasuwa, da sarƙa a ƙugu, an sa masa 'yar riga yana tsalle ana jefa masa kuɗi, ko kuwa ya gan shi a keji a gidan zu na Sanda Kyarimi, wanda aka kafa a 1970, inda mu kan kai su yawon Sallah. Shi ma gidan zun kowa ya san abin da ya same shi. Ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, hukumar gidan ta ba da sanarwar cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, ruwa kuma ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Dabbar da ke daji in ta ji ruwa sai ta nemi tudu. Wadda ke kulle kuwa ba ta da ta yi.

Da can Barno na da nata dajin. Dattawan da ke nan sun san lokacin da sunan Sambisa ba ya tayar wa kowa da hankali. Tun 1958 Turawan mulkin mallaka suka keɓe shi domin namun daji, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da nan, akwai giwaye, da jiminu, da birai iri-iri. Mafarauta da masu sarar itace suka fara cin sa, daga baya fitinar Boko Haram ta zo ta mai da shi maɓoya. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar in ka ce masa Sambisa, bindiga ce za ta faɗo masa a rai, ba giwa ba. Wannan hasara ce babba, kuma wanda bai taɓa ganin daji da rai ba, ba zai san an yi ta ba, balle ya yi kishin a gyara. Dalilin tafiyarmu ke nan. Gani ya kori ji.

To, ina ne Yankari? Yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a watan Disamba na 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga nan za mu bi ta Damaturu da Potiskum da Darazo zuwa Bauchi, mu ɗauki hanyar Gombe, mu ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar akwai sauran kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Tafiyar yini ce, da rana za a yi ta, kuma sai abin da jami'an tsaro suka ce game da hanya. Mun zaɓi rani domin a lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi su kan taru a bakin kogin Gaji, sai a fi ganin giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza. Akwai kuma ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har kana hangen yashin ƙasa.

Amma giwa sai an shiga mota an neme ta, wata rana ma a dawo ba a dace ba. Wanda zai tarye ku tun ba ku sauke kaya ba shi ne gwaggon biri, wanda wasu ke kira bika. A masaukin Wikki ba keji, ba sarƙa. Suna yawo garke-garke a tsakanin ɗakuna, su da gadu, uwa da ɗanta a maƙale a ciki ko a zaune a gadon baya, manya suna yi wa juna tsince-tsincen ƙwari a gashi. A cikin daji kuma akwai jan biri, mai dogayen ƙafafu, wanda duk cikin birai babu mai gudunsa a ƙasa. Yaran za su ga cewa biri ma yana da dangi, da babba da ƙarami, da wanda a ke kauce wa a hanya.

A nan ne na ke so iyaye da malamai su buɗe kunne. Mu nan Hausawa ne mazauna ƙasar Shehu. Kakanninmu sun zo da fatauci da neman karatun Alƙur'ani, aka ba su wuri, suka zauna lafiya domin sun san ladabin baƙunta. Hausawa na cewa in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi igiya ka ɗaura. To, wannan karon garin masu wutsiyar za mu je da gaske. Dajin nasu ne, mu kwana biyu za mu yi mu taho. Saboda haka ga dokokin gidan.

Na farko, kada kowa ya ba biri abinci, ko da ɓawon ayaba ne. Birin da ya saba karɓa daga hannun mutum, gobe in ba a ba shi ba ƙwata zai yi, jibi ya yi cizo, ƙarshenta a ce ya zama mugu a kawar da shi. Mai ba shi biskit yana ganin tausayi ya yi, alhali kuwa rami ya haƙa masa.

Na biyu, kada yaro ya fito da abinci a hannu, kada ma ya riƙe leda, domin su duk leda abinci ce. An san su da raina yara da mata fiye da manyan maza, don haka kowane rukuni na yara sai da malami namiji a tare. A ci abinci a cikin ɗaki. A kulle ƙofa da makulli, a rufe taga, a ɗaga gilashin mota, domin sun iya murɗa hannun ƙofa. In an sauka wanka a Wikki, mutum guda ya tsaya a kan kaya.

Na uku, in biri ya fizge abu, a bar masa. Kada a bi shi, kada a yi kokawa da shi, a gaya wa ma'aikatan gandun. Babban namiji fiƙarsa ta kai tsawon ɗan yatsa. In ya ƙura maka ido yana ɗaga gira, ko ya wangame baki kamar mai hamma, gargaɗi ya ke yi. Kai kuma kada ka ƙura masa ido, kada ka washe masa haƙora, kada ka ruga. Ja da baya sannu a hankali. Ɗan jaririnsu kuwa, kome kyansa, kada a matsa kusa da shi, garken duka zai taso.

Na huɗu, in tsautsayi ya sa an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan a nufi asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare da sauran cututtuka. Kada a tsaya shafa toka ko man zafi.

Na biyar, ba danƙo, ba jifa, ba tsokana. Mun sani a hadisi an ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Dabba tana da hakki a kanmu. Wannan ya shafi har bayan mun dawo: ɗan birin da a ke kawowa talla a gari, galibi sai an kashe uwarsa kafin a raba shi da ita. Muddin muna saye, ba za a daina kamowa ba.

Iyayena, na san halin da a ke ciki, na san kuɗin mota da na masauki ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, musamman ga waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Shi ya sa kwamiti ke roƙon 'yan kasuwarmu, wanda Allah Ya hore wa ya ɗauki nauyin maraya guda ko biyu, kada tafiyar ta zama ta 'ya'yan masu hali kaɗai. Kowane yaro zai tafi da littafi da biro, ya rubuta abin da ya gani, wanda ya fi kyau a buga shi a mujallarmu. Wa ya sani, ko a cikinsu akwai wanda zai karanci aikin gandun daji, ya zama cikin waɗanda za su tayar da Sambisa in Allah Ya kawo cikakken zaman lafiya.

Mai son ɗansa ya je sai ya ba da suna wurin wakilin unguwarsa kafin taro mai zuwa, tare da takardar yardar uba ko waliyyi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya zaunar da Barno da Nijeriya baki ɗaya lafiya.