Jawabi a kan Ginin Gidan Shari'a na Birnin Johannasbag

Ku sani akwai gidan shari'ar da talaka kan isa ƙofarsa gabansa ya faɗi, ya manta hujjarsa tun bai ga alƙali ba. Baƙaƙen Afirka ta Kudu sun sha shiga irinsa zamanin mulkin wariyar launin fata. Da mulkin nan ya kau a 1994, aka ƙudura babbar kotun tsarin mulki ba za a gina ta haka ba.

Wurin da aka zaɓa tsohon kurkuku ne a Johannasbag, inda aka taɓa tsare Gandi da Mandela, wanda aka rufe a 1983. Aka rushe sashen masu jiran shari'a, amma ba a zubar da tubalinsa ba. Da shi aka tā da bangon zauren shari'a, aka buɗe gidan a 2004. Alƙalai 11 ke zama ciki, kowannensu in ya ɗaga ido sai ya ga tubalin da ya tsare mutane ba hukunci.

Magina sun ɗauki misalin shari'ar gindin itace, wadda dattawa kan yanke kowa na ji. Domin haka ginshiƙan zauren shiga a karkace suke kamar itatuwa, haske na saukowa ta tsagogin rufi tamkar ta tsakanin ganye.

Abin da ya fi kama hankalina wata siririyar taga ce mai tsawo. Zauren shari'a ya yi ƙasa da hanya, saboda haka ta tagar nan ƙafafun masu wucewa kaɗai ake gani. Wa zai ce ga attajiri, ga ɗan dako? Alƙali na karanta ƙara, jama'ar da hukuncinsa zai hau kansu suna ta wucewa, bai san fuskar ko ɗaya ba.

Sa'an nan ga dabarar sanyi. A ƙarƙashin ginin an jibge duwatsu cikin ɗakuna. Da dare akan kora iska mai sanyi ta bi ta cikinsu, duwatsu su sha sanyin. Da rana iska ta sake ratsa su, ta huce, kana ta hau ɗakunan sama. Iska mai zafi kuwa, da yake sama take nema, sai ta fice ta bututun rufi. Da haka lantarkin da za a kashe wajen sanyaya gidan ya ragu.