TALLAFIN KARATU NA ERASMUS: WANE NE KE CIKI, WANE NE BA YA CIKI?

(Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa. A sha karatu lafiya.)

 

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne tallafin karatun nan na Tarayyar Turai da ake kira Erasmus, saboda tambayoyi sun yi yawa, kuma 'yan damfara sun fara cin kasuwa da sunansa.

To, asalin abin nasu ne, don kansu suka yi. Wata Ba'italiya mai suna Sofia Corradi ta je Jami'ar Columbia a Amurka ta yi karatun shari'a, ta dawo Rum a 1958, jami'arta ta ce sam ba ta san da wannan karatu ba. Wannan takaici ne ya sa ta yi shekaru tana fafutukar a riƙa karɓar karatun da ɗalibi ya yo a wata ƙasa. A 1987 aka buɗe shirin, ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11 suka fara tafiya. A 2014 aka haɗe shi da sauran shirye-shiryen matasa, ya zama Erasmus+, ya ƙunshi ɗalibai da masu koyon sana'a da malamai. Kuɗin da suka ware masa daga 2021 zuwa 2027 ya haura Yuro biliyan 26. Ku duba fa! Mutanen da suka yi yaƙin duniya biyu a tsakaninsu, su ne suka gane cewa in yaron Faransa ya yi wata shida yana cin abinci a Jamus, da wuya gobe ya ɗauki bindiga a kanta.

Yanzu ina namu a ciki? Ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce musayar ɗalibai da malamai, wadda aka buɗe wa ƙasashen wajen Turai a 2015. Wannan ba kai ke nema da kanka daga gida ba. Wajibi ne jami'ar da kake karatu ta kasance tana da yarjejeniya da wata jami'a a can, sannan ita ce za ta tace ta zaɓa. Ka je ka yi wata biyu zuwa goma sha biyu, ba ka biyan kuɗin makaranta a can, ka dawo a lissafa maka abin da ka karanta.

Ta biyu, wadda ta fi shafar 'yan Nijeriya, ita ce Erasmus Mundus, da aka fara a 2004. Digiri na biyu ne wanda aƙalla jami'o'i uku na ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su bayar, ɗalibi kuma ya zauna a ƙasa biyu ko fiye. Wanda ya dace, an ɗauke masa kuɗin makaranta da inshorar lafiya, ana kuma ba shi Yuro 1,400 duk wata har zuwa wata 24. A 2022 'yan Nijeriya sama da 200 ne suka samu. To amma sharaɗin farko shi ne digiri na ɗaya. Wato irina da irin da yawanku, masu takardar sakandare da ta Islamiyya, ba mu kai bakin ƙofar ba tukuna. Gara in faɗa muku a fili, da wani ya ruɗe ku a ɓoye.

Aikin sa-kai kuwa, tun 1996 suke tura matasa, yanzu ƙarƙashin wani shiri daban na 'yan shekara 18 zuwa 30, amma an tsara shi ne musamman don matasan Turai da maƙwabtansu. Saboda haka duk wanda ya tare ka a tasha ko ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa yana da gurbin aikin sa-kai a Sifaniya, kawo kuɗin fom, riƙe aljihunka. Ba su da dillali. Neman Erasmus Mundus kai tsaye ake yi ta intanet, wurin jami'o'in da ke gudanar da kwas ɗin.

Wani zai ce, shin don Allah suke ba mu? Ni dai a ganina ba sadaka ba ce. Suna neman masu ƙwaƙwalwa, suna kuma so wanda zai riƙe ma'aikata gobe a Abuja ko Yamai ya zama ya san su, yana jin harshensu. Wannan ba ya hana mai hankali ya karɓi ilimin. Amma ya san cewa ba a tilasta masa komawa gida bayan ya gama, kuma nan ne ƙasa ke yin asara, domin wanda aka raina da kuɗin talakawa sai ya ƙare yana yi wa wasu aiki.

Masu digiri a cikinmu, galibi ana buɗe nema daga Oktoba zuwa Janairu, karatu ya fara a Satumba. Ku tanadi fasfo, da sakamakon jami'a dalla-dalla, da wasiƙun malamai, da shaidar iya Turanci. Sakamakon jami'a shi ya fi ɓata lokaci, don haka tun damina ake fara bin sa. Kuma kafin ka zaɓi kwas, duba garuruwan da za a kai ka, ka bincika masallaci da inda ake sayar da naman halal, don wasu ƙananan garuruwa ne ƙwarai.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.