Dalilin da Jadawalin Gudu Ke Canzawa Bayan An Gama Atisaye



Wanda duk ya bi ta wajen filin wasa na Giginya da ke Sakkwato bayan sallar Asuba zai ga masu sassarfa. Wasu shirin tantancewar shiga soja ko ɗan sanda suke, wasu kuwa likita ne ya ce su rage teɓa. Kaɗan na ɗaure da agogon Garmin, wasu manhaja ce a waya take tsara musu gudu. Kukansu ɗaya ne: "Na kammala gudun Laraba, sai na tarar an rage mini na Juma'a." Har akwai masu cewa manhajar ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau. Ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Jadawalin da aka ba ka ranar farko kintace ne kawai, domin an tsara shi kafin a ga yadda jikinka zai karɓi aikin. A 1975 wani masani a Kanada, Eric Banister, da abokan aikinsa suka bayyana cewa kowane atisaye yana barin abu biyu a jiki: ƙarin ƙarfi da gajiya. Gajiyar ce ta fi yawa da farko, amma tana saurin gushewa. Ƙarfin kaɗan ne, sai dai yana daɗewa. Sai gajiyar ta janye ake ganin ribar gudun. In ka ɗora aiki mai tsanani kafin nan, gajiya kake tarawa, ƙarshenta ciwon gwiwa ko na ƙwauri. Manhajoji da dama a kan irin wannan lissafi suke tafiya.

To, me manhajar take dubawa? Nisa, lokaci, bugun zuciya, wani lokaci har da barcinka. A ce ka yi kilomita 5 cikin minti 30 a watan Disamba, zuciyarka na bugawa sau 150 a minti. A Afrilu ka maimaita nisan a daidai wannan lokacin, amma bugun ya kai 170. A takarda gudu ɗaya ne. A jiki kuwa na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Mu mutanen Sakkwato ba sai an yi mana bayanin Afrilu ba, zafin kan haura digiri 40. Jiki na tura jini zuwa fata don ya huce, zufa na rage ruwan jinin, dole zuciya ta ƙara sauri kafin ta wadatar da tsoka. Manhaja ta ga haka sai ta sassauta gudu na gaba, kuma ta yi daidai. Cikin kamar mako biyu jiki kan saba da zafin, bugun ya sauko, jadawalin ya sake hawa. Haka ma in gudu ya zo maka da sauƙi fiye da yadda aka zata, ƙara maka za ta yi.

Amma fa agogo bai san kana azumi ba. Bai san ƙurar hunturu ta tayar maka da tari ba, ko jiya ka wuni a kan kabu-kabu, ko yanzu ka tashi daga zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa wasu manhajojin ke tambayar yadda ka ji wahalar gudun, dabarar da ta samo asali daga ma'aunin Gunnar Borg na ƙasar Suwidin, mai farawa daga 6 zuwa 20. A nan matasanmu ke cutar kansu. Yaro ya dawo yana haki, ƙafa na rawa, don kada a ce rago ne sai ya danna "da sauƙi". Gobe a ƙara masa kaya.

Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, littafi yake ajiyewa yana rubuta atisayensa. Marar agogo ma zai iya. Ku sami littafin rubutu, ku ƙirga bugun zuciyarku da farkawa kafin ku sauko daga gado, ku rubuta nisa da yadda kuka ji. Ranar da bugun ya haura yadda kuka saba, ku rage gudu. Wanda kuwa ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.