Gina gida a daji ba tare da an sare icce ba

 

Hirarmu ta yau a kan gida take. Muna nufin gidan da mutum yake ginawa a tunga ko a bakin gonarsa, can cikin daji, inda zai zauna da iyalinsa da bisashensa. Gari ya cika, gona ta yi nisa, sai maigida ya ce zai tashi ya koma kusa da ita. To, da me zai rufe ɗakinsa? Bango ba ya ba mutum wuya, tunda ƙasa tana nan ƙarƙashin ƙafarsa. Rufi shi ke cin kuɗi, shi ne kuma ke cin daji.

Kun san yadda ake rufe shigifa. Ana ɗora azara bisa bango, a jera ƙirare bisa azara, a shimfiɗa zana, sannan a zuba ƙasa. Azara ta kirki daga giginya take fitowa, don gara ba ta cin ta da sauri. Amma giginya ba ta isa sara a shekara 5 ko 10, tana ɗaukar shekaru masu yawa. Inda ta fi yawa a ƙasarmu shi ne wajen Gaya, cikin Dallol Mawri, kuma ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, mutane kuma sun ƙaru. Wanda bai sami azara ba sai ya sari duk iccen da ya tarar. Gara ta shiga, iccen ya ruɓe daga ciki, maigida bai sani ba. Wata rana cikin damana ƙasar rufi ta sha ruwa, ta yi nauyi, ta faɗo bisa masu barci.

Wasu sun koma ga tol, wato kwanon rufi. Tol ba ya yoyo in sabo ne, wannan gaskiya ne. Amma sai an saye shi, a sayi katako da ƙusa, a biya mota ko amalanke ta kai su daji. Da bazara ɗakin tol ba ya shiguwa da rana. Da ɗari kuwa sanyi ke sauka daga sama. In iskar hadari ta taso da ƙarfi, tana iya yaye shi gaba ɗaya.

Akwai wata hanya. Ana iya rufe ɗaki da ƙasa zalla, ba azara, ba tol, ba siminti.

Maginanmu sun daɗe da sanin baka da tulluwa. Dubi masallacin Yama, cikin jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Sai dai bakan da aka saba yi a ƙasar Hausa da icce a cikinsa, an lulluɓe shi da ƙasa. Ginin da muke magana a kai ba shi da icce ko ɗaya a ciki. Asalinsa daga bakin kogin Nilu ne, ƙasar Nuba, tsakanin Misira da Sudan. Kusa da garin Luksor har yanzu akwai ɗakunan ajiya na zamanin Fir'auna Ramsis na 2, an rufe su da ɗanyen birgi, sun haura shekara 3000. Cikin shekarun 1940 wani masanin gini na Misira, Hasan Fathi, ya ɗauko magina daga wajen Aswan, suka gina ƙauyen Sabuwar Gurna da wannan dabara. A 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara koya wa magina ita a Cikal, cikin ƙasar Filinge. Daga baya aikin ya kai Iferwan, cikin Abzin, ya bazu zuwa wasu jihohi da ƙasar Mali. A Burkina Faso kuma, a garin Boromo, wani manomi, Seri Yulu, da wani magini Bafaranshe, Toma Garanye, sun kafa tasu ƙungiya a shekarar 2000, suka sauƙaƙa aikin don mutanen ƙauye.

Yanzu ga yadda ake yi. Ku saurara da kyau.

Ana buga birgi iri biyu, wato bulon ƙasa da ake shanyawa a rana. Manya na bango ne. Ƙanana kuma, marasa kauri, na rufi ne, kuma su ake yi da ƙasa mafi kyau. Ana tada dogayen bangaye biyu masu kauri. Bango na ƙarshen ɗaki kuwa a ɗaga shi ya fi su tsawo. A jikinsa magini zai zana baka. Sai ya shafa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya manna ƙananan birgi bisa zanen, a ɗan kishingiɗe, suna jingine da bangon. In layi na farko ya rufe, na biyu ya jingina da na farko, na uku ya jingina da na biyu. Haka za a yi ta tafiya har a kai ɗaya ƙarshen ɗakin. Ba a tokare komi daga ƙasa, kowane layi ɗan'uwansa ke riƙe da shi. Igiya ko waya da aka ja a tsawon ɗakin ita ke nuna wa magini awo, don kada bakan ya karkace.

In tulluwa ake so, sai a kafa ma'auni a tsakiyar ɗaki, sanda ko igiya mai juyawa. Ita ke nuna mazaunin kowane birgi. Ana jera su suna kewayawa, da'irar tana ƙanƙancewa, har ta rufe a sama. Bisa ƙofa da taga ma baka ake yi, saboda haka can ma ba a bukatar icce.

Wani zai ce, me ya hana shi faɗuwa? Ƙasa busasshiya tana jure danni, abin da ba ta jurewa shi ne lanƙwasa. Shimfiɗaɗɗen rufi lanƙwashewa yake son yi, shi ya sa yake bukatar azara. A cikin baka kuwa kowane birgi danne maƙwabcinsa yake, nauyin yana gangarawa har ya sauka bisa bango. Amma ku riƙe wannan: bakan yana tura bango waje. Don haka maginan Boromo suke yin bangon da ke ɗauke da rufi da kaurin santimetir 60, faɗin ɗakin daga ciki kuma ba ya wuce metir 3 da ɗan ɗoriya. Tsawo ne ake iya ƙarawa. Mai son babban ɗaki sai ya jera baka biyu gefe da gefe, a buɗe ƙofa tsakaninsu.

A nan ne za mu ja kunnenku. Kada wani ya ji wannan hira ya ce ya iya. Rufin nan nauyi gare shi ƙwarai. In an rage kaurin bango don a rage birgi, ko an faɗaɗa ɗaki don maigida ya matsa, bango zai buɗe, rufi ya zubo, kuma yana iya kisa. Ku nemi maginin da ya koyi aikin hannu da hannu wajen gwani. Ku tambaye shi inda ya taɓa ginawa, ku je ku gani da idonku, ku tambayi mai ɗakin damana nawa ya yi a ciki. In magini ya ce awo kaza ne, kada ku sa shi ya canza.

In an rufe baka, ana cike gefunansa da ƙasa har saman ya kusa zama shimfiɗe, da ɗan gangare. Wasu magina suna shimfiɗa leda, su rufe ta da yaɓe don rana kada ta cinye ta. Sannan a sa indararo mai tsawo, wanda zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Saman nan ya zama wurin shanya, da wurin kwana lokacin bazara. Cikin ɗakin kuwa, bango mai kauri yana jinkirta zafi, da tsakar rana akwai sanyi, da daren hunturu akwai ɗumi.

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. A farkon Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye. A damanar 2024 gidaje da yawa sun faɗi a Maraɗi da sauran jihohi. Saboda haka kafin a buga birgi ko ɗaya, a zaɓi wuri. Wanda zai yi gini da rani, tun da damana ya kamata ya je ya ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Ya tambayi tsofaffi da makiyayan wurin iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a shekara mai ruwa. A guji kwari da bakin gulbi, ko da sun shekara 10 a bushe. A hau tudu mai ƙasa mai tauri. A haƙa tushe har a tarar da tauri, in da dutse kusa a cika shi da dutse. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu. Kowace shekara kuma, kafin ruwan farko, a hau sama a toshe tsaga, a gyara yaɓe, a share indararo. Inda ake samun makuba, a sa ta cikin yaɓen. Aikin kwana ɗaya ko biyu ne, amma ba a tsallake shi.

Sai fuskar ɗaki. A ƙasarmu rana ta tsakiyar ka take bi, bangon gabas da na yamma su ke shan ta safe da maraice. Hadari ma daga gabas ya fi tasowa, kowa ya ga yadda bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. To, a miƙe tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma, ƙananan bangaye su fuskanci rana da ruwa, dogayen su dubi kudu da arewa. A bangon gabas a ƙara yaɓe, kada a buɗe babbar ƙofa. Tagogi a yi su kudu da arewa, suna duban juna, don iska ta ratsa. Na arewa su zama ƙanana masu murfi, saboda ƙurar hunturu.

Ba kowane iyali ne tsarinsa ɗaya da na wani ba. Mai mata biyu da tsohuwa a gida, da saurayin da ya yi aure bana, bukatarsu ta bambanta. A ganinmu kuskure ne maigida da magini su kaɗai su zana gida. A kira uwargida. Ita ta san inda hayaƙi ke bi, da nisan da take ɗauko ruwa, da inda take son ganin yara tana daka. A zana gidan a ƙasa da sanda, kowa ya taka ya gani. Da rani iska daga gabas da arewa take zuwa, don haka murhu ya zauna yamma da ɗakuna, kuma kada rumbu ko tarin kara su kasance inda iska za ta kai musu tartsatsi. Salga ta yi nisan metir 30 daga rijiya, ta wajen gangare. A bar fili a gefe, in iyali ya ƙaru a ƙara wani baka jikin na farko.

Itatuwan da kuka tarar a wurin, kada ku share su don a ce fili ya yi fes. Gawo yana da ganye da rani, lokacin da ake neman inuwa, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne. Ku tsara gidan ya kewaye su, amma ku bar ƴan metoci tsakanin icce da bango saboda saiwa da reshe mai karyewa. Kututturan da ke tohowa a bayan gida su ma dukiya ne. Tun 1983 manoman Maraɗi, tare da wani mutumin Ostiraliya mai suna Toni Rinaudo, suka fara abin da ake kira sassaben zamani: a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a kututture, a rage sauran, a bar shi ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen eka ta hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya. Busasshiyar ciyawa kuwa daban take. Bayan kaka a nome ta kewaye da gida, a bar fili tsirara mai faɗi, don gobarar daji in ta zo ta rasa abin ci. Rufin ƙasa ba ya kama wuta, amma danga da rumbu suna kamawa.

Ba za mu ɓoye muku wahalar aikin ba. Yana cin birgi da yawa, birgi kuma yana cin ruwa. A daji, inda rijiya take da zurfi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dabara ita ce a buga birgi da kaka, tun tabki bai ƙafe ba. A fara gwada ƙasar: a buga kaɗan, a shanya. In sun tsattsage, laka ta yi yawa, a ƙara rairayi ko ramno. In suna marmashewa a hannu, rairayi ya yi yawa, a nemi wata ƙasa. Birgi mai kyau, in ya bushe, babban mutum zai taka shi bai karye ba. Buga birgi, ɗaukar ƙasa da kwaɓi, duk iyali da ƴan gayya suna iya yi. Kuɗin da zai fita shi ne ladan magini, da ƙyauren ƙofa da na taga, da leda, da indararo.

A fara gini da ɗari, a rufe ɗaki tun bazara ba ta ƙare ba, don yaɓe ya bushe sarai kafin hadarin farko. Wanda ya ga lokaci ya ƙure masa, gara ya tsaya a bango, ya rufe kansa da zana, ya bar rufin sai baɗi.

Jama'a, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.