WURAREN TARIHI DA NA BUƊE IDO A KARKARAR DA KE KEWAYE DA MU
Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan

 



An umarce ni in yi magana a kan wuraren da ya kamata mu riƙa kai ziyara a karkarar wannan ƙasa da muke zaune. Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwa da hawan dutse? To, a saurara. Tun shekarar 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo, yau fiye da shekara 100 ke nan. Amma mafi yawanmu abin da muka sani a ƙasar Yarbawa bai wuce tasha da kasuwa da kara da hanyar gida ba. Yaron da aka haifa a nan, ya iya Yarbanci kamar ɗan gari, in ka tambaye shi labarin ƙasar sai ya yi shiru. In ya je Arewa a ce masa ɗan Kurmi, in yana nan a ce masa baƙo. Wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Bari in fara da abin da ya fi kusa da sana'armu. A Idi-Ayunre, kan hanyar Ijebu-Ode, akwai cibiyar gwamnati ta binciken koko, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1964. Ba koko kaɗai suke bincike ba, har da goro da kashu da kofi da ganyen shayi. Jama'a, nawa ne a cikinmu suka yi shekara 30 suna ɗaure huhun goro, amma 'ya'yansu ba su taɓa ganin goro a jikin bishiyarsa ba? A gonakin wurin yaro zai ga yadda ƙwanson yake, ya ga bambancin goron da muke kaiwa Arewa mai ɓari biyu, da hannunruwa mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, wanda Yarbawa ke kira abata suna al'adunsu da shi. Namu kuwa gbanja suke ce masa, wato Gwanja ke nan, ƙasar da kakanninmu fatake ke zuwa sayo shi. Kun ga ke nan sawun fataucinmu yana nan har cikin harshensu. Sai dai wurin aiki ne, a rubuta takardar neman izini kafin a je.

Na biyu, a kama hanyar Moniya zuwa Iseyin, mai kilomita 65, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 2021. A kan hanyar za a wuce Ijaye. Yau ƙaramin gari ne, wanda bai sani ba sai ya wuce. Amma a zamanin Kurunmi, babban sarkin yaƙin Oyo, gari ne da ke goga kafaɗa da Ibadan, har aka gwabza yaƙi daga 1860, aka ci garin a 1862. A tsaya ko na minti 10 ne a gaya wa yara wannan. Duniya ke nan.

Daga Iseyin, garin masaƙa, sai a nufi Ado-Awaye. Dutse ne babba, ana fara hawansa ta matakala, daga nan sai tsuran fa. A can bisa akwai wani ɗan tafki da suke kira Iyake, ruwa zaune a ƙoƙon dutse. In ka tsaya a ƙololuwa ka duba, gonaki da dazuzzuka da sauran duwatsun Oke-Ogun shimfiɗe a gabanka har iyakar ganinka. Wallahi duk mai imani sai ya yi tasbihi. A wannan yanki ne kuma dam ɗin Ikere yake, a kan kogin Ogun, ruwa makeke tsakanin tsaunuka.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafarmu, kufan tsohon birnin Oyo. Yarbawa na ce masa Oyo-Ile, mu kuwa mutanenmu Katunga suke ce masa, kuma da wannan suna namu Turawan farko suka rubuta shi. Baturen nan Kilafatan, wanda ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1827, ya sauka a Katunga a farkon 1826. Daular Oyo da doki ta yi ƙarfi, dokin nan kuwa daga Arewa ake kawo shi. Hausawa sun zauna a birnin, wasu fatauci ya kai su, wasu kuwa, gaskiya ɗaya ce, bauta ce ta kai su, suna kiwon dawaki da wanzanci da tufkar igiya. Bayan yaƙe-yaƙen da aka yi da Ilori, birnin ya watse a wajajen 1836, Alafin Atiba ya kafa sabuwar Oyo nan kusa da mu. Abin da ya rage a can shi ne ragowar ganuwa, da duwatsun niƙa, da fasassun tukwane, da kukoki. A 1991 gwamnatin tarayya ta mai da dajin gandun ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,500.

Amma a nan zan ja kunne. Dajin nan ya sha fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan. Kada wani matashi ya ji jawabina ya hau babur ya nufi can. Ofishin gandun yana cikin garin Oyo. A je a tambaya. In sun ce a dakata, a dakata, kufai ba ya gudu. In sun yarda, a tafi da ma'aikatansu, a dawo da rana tsaka.

Ga masu iya tafiya mai ɗan nisa, sai a yi gabas. Bayan Ilesha akwai Erin-Ijesha a Jihar Osun, inda ruwa ke zubowa daga dutse hawa 7. Dattawa su tsaya a hawa na farko, ya ishe su, samari su ƙarasa in da ƙarfi. Gaba kaɗan a Jihar Ekiti akwai Ikogosi, inda idon ruwan ɗumi da na sanyi ke fitowa kusa da juna su haɗu su gangara tare. Ka sa ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, ka ji ikon Allah. Sai Idanre kusa da Akure. Mutanen garin sun yi ɗaruruwan shekaru a kan dutse, sai a shekarun 1920 suka soma saukowa. Matakala sama da 600 ake takawa, a tarar da tsohuwar fadar sarkinsu da kotu da makaranta. Mutanenmu na Zazzau da suka san Kufena da Turunku, da na Kano da suka san Dala, za su gane cewa tsoron hari iri ɗaya ne ko'ina.

To, yaya za a yi wannan ziyara? Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, watan Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa bai janye ba, dutse ya daina santsi, hazo kuma bai rufe sararin sama ba. A yi karo-karo a ɗauki shatar mota, a tafi da guzuri da buta da tabarma, a tambayi malam hukuncin kasaru tun daga gida. Iyayenmu mata su ma a ba su ranarsu, da muharramansu, kada abin ya zama na maza kaɗai.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ladabi. A nemi takarda daga fadar Sarkin Hausawa. In an isa gari a fara da gaida sarki ko bale, da ɗan goro a hannu, sannan a nemi 'yan'uwanmu mazauna wurin. A ɗauki ɗan jagora na garin a biya shi haƙƙinsa. Wasu wuraren, kamar tafkin Iyake, masu ƙasar suna da abin da suka yi imani da shi a kansu. Mu Musulmi ne, ba za mu roƙi ruwa ko dutse ba, ba za mu ɗebo komai don neman tabarruki ba. Amma kuma addininmu ya hana mu zagin abin bautar wasu. Inda aka ce ba a shiga, kada a shiga. Kada a rubuta suna jikin dutse, kada a bar leda.

Dukanmu mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, yadda ƙaramar hatsaniya ta ci rayuka da dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa. Ban ce yawon buɗe ido zai hana fitina ba. Amma mutumin da ka taka har garinsa, ka gaida sarkinsa, ka saurari tarihin kakanninsa, ba zai yi saurin yarda da duk sharrin da aka faɗa a kanka ba. Kai ma haka.

Don haka ina roƙon shugabanni da a kafa kwamiti na mutum 5, a sa malamin Islamiyya da wakiliyar mata a ciki, a fara da Idi-Ayunre tunda ita ce kusa, a kai ɗaliban makarantunmu kafin shekara ta zagayo. Gani ya kori ji.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci kasuwanninmu da zuriyarmu, ya ja zamanin Sarki.