Uba, Ɗa da Shirun Shekara 44: Lacca kan Fim ɗin Beginners



A 1999 matar Paul Mills, tsohon shugaban gidan adana zane-zane na Santa Barbara a Amurka, ta rasu. Ba a jima ba dattijon, yana da shekara 75, ya shaida wa iyalinsa cewa tun yana saurayi maza 'yan'uwansa yake sha'awa, kuma ya gaji da ɓoyo. Ciwon daji ya yi ajalinsa a 2004. Ɗansa Mike Mills ne ya mayar da wannan labari fim mai suna Beginners, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Toronto a 2010.

Kowa a zauren nan ya san matsayin addini da dokar ƙasarmu a kan wannan lamari. Abin da ya sa fim ɗin ya cancanci nazari shi ne tambayar da ya ɗauko, wadda ta shafi kowane gida: me shirun iyaye yake yi wa ɗan da ya tashi a cikinsa?

Labarin yana faruwa a Los Angeles a 2003. Oliver, wanda Ewan McGregor ya fito a matsayinsa, mai zane ne ɗan shekara 38. Da shi aka buɗe fim, yana kwashe kayan mahaifinsa Hal bayan rasuwa: ya zubar da ragowar magunguna, ya tara shara a ƙofar gida, ya ɗauko karen marigayin, Arthur, ya kawo shi gidansa yana zagayawa da shi ɗaki-ɗaki yana yi masa bayani. Babu kururuwa, babu kiɗan tayar da hankali. Duk wanda ya taɓa raba tufafin mamaci zai gane nauyin wannan wuri. Har karen ma an ba shi baki, domin tunaninsa yakan fito a rubuce a ƙasan allo, mai kallo ya yi dariya alhali idonsa ya ciko.

Mills bai jera labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Yana tsalle tsakanin ƙuruciyar Oliver, jinyar Hal, da watannin makoki, kamar dai yadda tunanin mai jimami yake yawo. Wani lokaci sai ya tsayar da komai ya jero hotuna: ga rana a 1955, shekarar auren iyayen, ga shugaban ƙasa na lokacin, ga takwarorinsu a 2003. Da wannan dabara ake fahimtar zamanin da Hal ya yi samartaka, lokacin da likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suke lissafa irin halinsa cikin cututtuka, matsayin da ƙungiyarsu ba ta janye ba sai 1973. Matarsa Georgia ta sani tun kafin aure, ta ce za ta gyara shi. Suka zauna shekara 44 cikin ladabi da sanyi, yaro yana kallon uba ya sumbaci uwa a gurguje ya fice aiki.

Wannan yaron ne ya girma bai iya riƙe soyayya ba. Ya haɗu da Anna, 'yar wasa Bafaranshiya (Mélanie Laurent), a wurin wata liyafa. Muryarta ta dishe, don haka a takarda ta rubuta masa tambayar me ya kawo shi biki yana cikin baƙin ciki. Daga baya ta tare a gidansa, tsoro ya sa ya bar ta ta tafi, sannan ya tafi nemanta har New York.

Christopher Plummer ya zuba gwaninta a matsayin Hal. Akwai inda ya buga wa ɗansa waya cikin dare daga dawowarsa gidan rawa, yana tambayar sunan kiɗan da ya ji, ya ɗauko biro ya rubuta. Akwai kuma inda ya ɓoye wa Andy, saurayin da yake tare da shi, cewa cutar ta kai matakin ƙarshe, ya bar Oliver da dakon wani sabon sirri. Rawar ta ba Plummer lambar Oscar a 2012 yana da shekara 82, wanda a lokacin babu ɗan wasan da ya taɓa samunta da yawan shekaru haka.

Fim ɗin yana da rauni, kuma raunin a wajen mata yake. Anna ba ta samu cikakken labarin kanta ba. Georgia kuwa, wadda ta fi kowa biyan farashin wannan aure, a cikin gutsattsarin tunanin ɗanta kawai ake ganinta, tana ɓoye kaɗaicinta da barkwanci. Sai a 2016 Mills ya waiwayi mahaifiyarsa da fim sukutum, 20th Century Women, inda Annette Bening ta fito a matsayin uwa mai rainon ɗa namiji a Santa Barbara ta 1979.