Zaɓen Firiji Don Masu Buƙata Ta Musamman: Jawabi Ga Iyalan Malanville Da Maƙwabta



Kowa a nan ya san zafin bazara a bakin Kogin Kwara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Ga mai ciwon sukari, firiji ma'ajiyar magani ce, domin ana son allurar insulin da ba a buɗe ba ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Sau da yawa ana sayen firiji ba tare da an shawarci wanda zai fi buƙatarsa ba, sai a wayi gari gurgu ko makaho ko tsoho yana jiran a dawo daga kasuwa kafin ya sami maganinsa. A shekarar 2017 Jamhuriyar Benin ta kafa dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, kuma cika wannan haƙƙi daga cikin gida yake farawa.

Da farko, ku tafi shago tare da mai amfani da firijin, ya gwada da hannunsa. Wanda ke kan keken guragu da wuya hannunsa ya wuce santimita 120 daga ƙasa, don haka ku zaɓi wanda ɗakunansa ke daidai ƙirjinsa. Ku guji firiji mai siffar akwati da ake buɗewa ta sama, domin sai an miƙe an sunkuya kafin a kai ƙasansa.

Na biyu, ku duba mariƙin ƙofa. Dogon mariƙi da ake iya zura hannu a ja ya fi dacewa da mai ciwon gaɓɓai ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa. Ku lura da ɓangaren da ƙofar ke buɗewa, a bar wa keke sarari.

Na uku, mai larurar gani ya fi jin daɗin makunnin da ake murzawa da hannu. Ku manna alama mai tudu a daidai inda sanyin ya dace, kuma kowane abu ya kasance da mazauninsa wanda ba a canzawa.

Idan firijin na hannu ne, ku saka takarda a bakin ƙofa ku rufe. In ta zare cikin sauƙi, robar ta mutu, sanyi zai riƙa zurarewa. Ku haɗa shi da na'urar daidaita ƙarfin wuta. Idan an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba kan riƙe sanyi kimanin awa 4, kuma gorunan ruwa da aka jera a ciki suna ƙara masa juriya.

Ku ajiye insulin a ɗakin tsakiya, nesa da bangon baya da wurin ƙanƙara. Wadda ta daskare ta lalace, ko da ta narke daga baya.

Gidan da babu wuta ma yana da mafita. Mohammed Bah Abba, malami daga arewacin Najeriya, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa mai iska. Ta fi aiki a lokacin rani, kuma sanyinta bai kai na firiji ba, saboda haka ku nemi shawarar ma'aikacin lafiya kan tsawon kwanakin da maganinku zai yi a cikinta.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.